Jan Alli a Aljihu

Litinin, 22 ga Afrilu, da hantsi

Yau na buɗe ofis. Tun ranar Talata ban shiga ba. Kujerar Abdussamadu tana gefen bango inda aka ture ta, wani kuma ya ɗauki hularsa ya ajiye a kan tebur. Allon yana nan yadda ya bar shi.

Ni da Abdussamadu mun haura shekara goma a ɗakin nan: tebur biyu, fanka ɗaya, allon katako ɗaya da ya ƙi yarda a canja mana shi da farin nan na zamani. Ɓangaren dama nasa, na hagu nawa. Shi ɗan Argungu, ni ɗan Kagoro. Yana ce mini Mutumin Dutse, ina ce masa Bakabe.

Dikko, wanda ke riƙe da sashenmu na fiziks, ya leƙo bai zauna ba. Ya ce, "Dakta Zakka, Rauda ɗalibar Malam ta koma hannunka. Ran sha shida ga watan gobe za ta kare kundinta, Farfesan waje da za shi jarraba ta ya amsa. Aiki ya ƙare, hannu kaɗai za ka sa muna."

Tun zuwana jami'ar nan ake gaya mini ma'aikacin kwantiragi ba ya riƙe ɗalibin digiri na uku. Yau dokar ta tafi hutu.

Ba zan rubuta Talata ba.

Litinin, bayan la'asar

Unguwarmu Gwadangaji babu wuta. Bango ya yi zafi har ba ya jinginuwa. Matata Paulina ta kira daga gida, ta ce an yi ruwa sau biyu a can, 'yarmu Gloria ta shuka masara a bayan ɗaki. Ta tambayi jikin Samadu. Na ce da sauƙi, abin da kowa ke faɗa. Ba ta tambayi yaushe zan zo ba. Ta daina tambaya tun bara.

Laraba, 24 ga Afrilu, da safe

Na fara karanta kundin. Ba na sa hannu a abin da ban karanta ba, ko da uwata ce ta rubuta.

Yarinyar ta iya rubutu. Babin farko ta bayyana aikin fiye da yadda ni zan iya. Zoben zinariya ƙanƙane, wanda in ka jera irinsa da dama ba su kai kaurin gashin kai ba. Ka sanyaya shi har kusa da iyakar sanyi, ka sa shi cikin ƙarfin maganaɗisu, sai wutar lantarki ta riƙa zagaya shi ba batir, ba ta kuma tsayawa. Ya fi ƙwayar zarra girma nesa ba kusa ba, amma bai yi girman da zai manta da dokokin kwantum na ƙananan abubuwa ba. Duniyar tsaka-tsaki muke ce mata. Mu ba mu taɓa ganin zoben da ido ba, ba mu da na'urar, ba za mu samu ba. Alli gare mu. Mutum biyu suna ɗigar gumi a Birnin Kebbi suna lissafin sanyin da ya fi na kowace ƙanƙara a duniya.

Ta ma sa misalin da Samadu ke ba 'yan aji ɗaya. Ina jin muryarsa ta bango: "Kun ga inda gulbi yar rabu biyu ga tsibiri, yak koma yag game? To ilaktaron guda haka shika yi. Shi bi hannu biyu lokaci guda, shi gamu da kainai can gaba." Yara su yi dariya, shi kuma ya ce ku yi dariyarku, ranar jarrabawa ni ka yi.

Na ajiye a babi na uku. Fanka ta tsaya.

Alhamis, 25 ga Afrilu, da azahar

Babi na huɗu, layi na uku.

Alhamis, da la'asar

Na sake bi sau da yawa, ina fatan ni ne zafi ya taɓa. Ba ni ba ne.

Bari in rubuta shi a fili, ko zan ga wata ƙofa. In kana ƙara maganaɗisu a hankali, wutar zoben tana hawa tana sauka da wani taki sananne. Kowane zobe yana da 'yan dattinsa a ciki, a wuraren da ba irin na ɗan'uwansa ba, don haka kowanne da halinsa: wani wutarsa ta bi dama, wani ta bi hagu. In ka tara dubbai ka ɗauki matsakaici, sai su cinye juna, abin da ya rage takinsa rabi ne. Wannan tsohon labari ne, an san shi tun Rauda ba ta shiga firamare ba. Sabon abin da babi na huɗu ke iƙirari shi ne zobe guda, shi kaɗai, zai iya yin rabin takin. A kan wannan digirin ya tsaya.

Amma a layi na uku an sa baka biyun nan masu tsini, alamar matsakaici. An tara zobba dubu a inda ake zaton guda ake kallo. Duk abin da ya biyo baya gaskiya ne, sai dai gaskiyar taro ce, ba ta guda ba. Ni da na sha jin "ku mutanen can" na san abin da matsakaici ke yi wa mutum.

Na ɗaga kai. Layin yana kan allo, ɓangaren dama, da hannun Samadu. Daga nan ta kwafa. Yana sake bi mata shi ne don shirin kare kundi, ranar da ba zan rubuta ba. Can ƙasa, inda lissafin ya katse, akwai wani zane da allin ya yi ya gangara har bakin katako. Ba na kallon wurin.

Juma'a, 26 ga Afrilu, lokacin da kowa ya tafi masallaci

Sashe shiru. Na fito da jan alli daga aljihu na tsaya gaban allo.

A shekararmu ta farko Samadu ya goge mini aikin mako biyu don ya rubuta jadawalin lacca. Na gaya masa maganar da ba a gaya wa mutum a garinsu. Muka yi wata guda sai gaisuwa. Shi ya fara saukowa, ya zo da jan alli guda biyu a takarda, ya ba ni ɗaya. Muka yi doka: babu mai goge rubutun wani, ko harafi ɗaya. In ka ga kuskure a ɓangaren ɗan'uwanka, ka zagaye shi da ja, ka yi shiru, ka jira. Mai rubutun zai zo ya yi gardama, ya yi fushi, in ya gamsu ya goge da hannunsa. Ba mu taɓa karya ta ba. Ko masu shara sun sani.

Ya zagaye ni ya fi a ƙirga. Kuma yana yi yana waƙa, ɗan banza.

To yanzu in na zagaye, wa zan jira?

Ban zana ba.

Asabar, 27 ga Afrilu, da magariba

Na je Argungu dubiya. Motar haya, mu huɗu a baya, buhun shinkafa a ƙafata. Fadama duk ana yankan shinkafar rani, injinan ban ruwa sun yi shiru.

Hajiya Laure, matarsa, ta tarye ni a zaure. "Baban Gloria, cikin wagga rana kat taho? Shigo, shigo, kar ka narke muna bakin ƙohwa." Ta kawo ruwan randa da fura.

Yana falo a kan katifa, an tokare shi da matasai. Hannun daman yana kan cinyarsa kamar an aro shi. Ya gane ni. Ido bai canja ba, shi ne abin da ya fi ba ni wahala.

Na ce, "Bakabe, ka gudu ka bar ni da 'yan aji ɗaya."

Ya ce, "Haka na."

Na ji daɗi, har na juya wurin Hajiya. Ta girgiza kai. "Magana guda ta rage mai. Ko mi kac ce, haka na. Jiya nac ce, Malam, in sai da gonar hwadama in sai zinari? Yac ce haka na. Nac ce to kun ji, ga shaidu." Ta yi dariya, ta ci gaba da dariyar har ta kai gefen mayafi ido, ta ce bari ta dubo tukunya.

Na zauna da shi har aka kira la'asar. Na ba shi labarin fanka, da na Dikko da sabuwar motarsa mai tari. Layi na uku yana bakina. Na haɗiye shi da fura. Ba a kai wa marar lafiya irin wannan tsaraba.

Lahadi, 28 ga Afrilu, bayan coci

An yi masa addu'a da suna, ni na roƙa. Desmond na ƙungiyar mawaƙa ya tambaye ni ko ba shi ne wanda aka ba kujerar da ya kamata a ba ni ba. Na ce shi ne. Na ce kuma ya fi ni iya riƙe ta. Dukansu gaskiya ne, kuma ban ji daɗin faɗar ko ɗaya ba.

Talata, 30 ga Afrilu, da azahar

Na kira Rauda. Ta zo daga unguwar Nasarawa, inda makarantar 'yan mata da take koyarwa take, jaka a kafaɗa, takalmi duk ƙasa. Na nuna mata kujerar Malaminta, ta jawo benci ta zauna kusa da ƙofa.

Na buɗe babi na huɗu na sa yatsa. Ban gama jimla ba ta ce, "Na sani, Malam."

Na ɗauke yatsana.

Ashe bara ta gwada a kwamfuta. Ta ƙirƙiri zobba ɗai-ɗai, kowanne da dattinsa, tana kai kwamfutar shagon cajin waya tana jira. Kowane zobe ya ba ta cikakken taki. Babu mai rabi ko ɗaya. Ta kai wa Malaminta, ya duba sama-sama yana sauri zai shiga taro, ya ce ta koma ta bincika, kwamfuta abin da aka zuba mata shi take amayarwa. Ta koma ta bincika wata da watanni, ba ta ga laifin kwamfuta ba. Ba ta sake ɗaga maganar ba.

Na ce, "Don me?"

"Mi zan ce, Malam? Shi yak koya min riƙon alli. Ina ta jira shi gani da kainai."

Na ce mata abin da ta ajiye a gefe shi ne digirin. A cire babi na huɗu, a gina sabo a kan zobbanta. Wata uku, wataƙila huɗu.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Hutun karatuna na ƙarewa ƙarshen watan gobe, wanga ba komi ba na, na saba aiki da goyo. Amma ba ni gyara Malam shina kwance. In shi yac ce a gyara, yau za ni hwarawa. In ba haka ba, ko in shiga da shi yadda shike, ko in bar digirin."

Na ce mata kimiyya ba ta san kwanciya ba. Ta ce, "Haka na, ranka shi daɗe," ta ɗauki jakarta. Na so in ji haushinta. Na tuna jan allin da ke aljihuna, sai haushin ya rasa wurin zama.

Laraba, 1 ga Mayu, da safe

Hutun ma'aikata. Na je ofis duk da haka. Ban zana ba.

Alhamis, 2 ga Mayu, da la'asar

Na gaya wa Dikko. Ya rufe ƙofa, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi.

"Farfesan da ka zuwa ba hwanninai ba na sosai. Wa za shi gani?"

Na ce ni na gani.

"Dakta, ka san garin ga. Ba za a ce anka ga kuskure ba. Za a ce mutum na kwance ba shi iya kare kainai, baƙo ya taka shi. Yarinya shekara shida tana wahala, ga ɗiya ukku. Kuma watan shida za a zauna kan kwantiraginka, ni ka shiga in yi magana. Mi kaka so in ce musu?"

Ba barazana yake yi ba, dole in rubuta haka. Dikko ne ya goya Samadu a bayansa ya sauko da shi daga bene ranar Talata, yana haki yana salati, alhali ni ina tsaye riƙe da hula ban san inda zan ajiye ta ba. Tsoro yake ji mini, da gaske. Kuma duk abin da ya ce za a faɗa, za a faɗa. Na san ma bakunan da za su fara.

Na ce ba zan sa hannu ba. Ya ce in ba ni ba akwai wanda zai sa. Na ce na sani. Ya ce to mu je tare mu tambayi mai shi.

Asabar, 4 ga Mayu, bayan la'asar

Mun je da motar Dikko. Bayan gaisuwa ya durƙusa kusa da katifa ya ce, "Malam, aikin Rauda daidai na, ko?"

"Haka na."

Dikko ya juyo ya kalle ni.

Na ce, "Samadu, aikin Rauda akwai kuskure, ko?"

"Haka na."

Babu wanda ya yi dariya. Na ji kunyar kaina, kamar mun zo muna wasa da shi. Na fito da shafin kundin na miƙa masa gaban ido. Ya kalla, idon ya yi ta yawo a kan takardar ba ya sauka ko'ina, sai ya juya fuska bango. Ya ƙi juyowa har muka tashi.

A zaure Hajiya Laure ta ce, "Rubutun inji na ɓata mai rai, ya zama mai awa tururuwa. Amma kun ga kalandar can da yaka rubuta abubuwanai gehe-gehe? Sai shi wuni shina kallonta. Nashi hannun shina ganewa."

A hanya Dikko ya ce, "Ka gani ko? Babu wanda za a tambaya." Hankalina yana kan kalanda.

Litinin, 6 ga Mayu, da hantsi

Ban zana ba. Na duba bayan allon. Kusoshi shida ne kawai ke riƙe da shi.

Laraba, 8 ga Mayu, da azahar

Na gaya wa Rauda. Ta kalle ni kamar na ce za mu ɗauki ofishin gaba ɗaya. Ta ce, "Malam, allon? Har Argungu?" Sai kuma ta ce mijinta Abbas yana da a-kori-kura da yake ɗaukar albasa daga Augie, ranar Asabar zai tafi ba kaya.

Dikko ya ce kayan jami'a ba ya fita sai da izini. Sannan ya ce shi Asabar yana ƙauye, bai ga komai ba.

Kafinta ya ce in aka rufa zane a kai rubutun zai tafi. Zai buga ƙananan katako a gefuna ya ɗora falanki a sama, yadda babu abin da zai taɓa fuskar.

Paulina ta ce, "Kai dai, Zakka. Mutum ya yi shekara bai kawo kansa gida ba, amma zai kai allo Argungu." Ta yi gaskiya.

Juma'a, 10 ga Mayu, da yamma

Hadari ya haɗu a gabas ya watse. Tun da nake ban taɓa roƙon kada a yi ruwa ba sai yau, a garin da kowa ke kallon sama.

Asabar, 11 ga Mayu, da magariba

Zan rubuta a hankali, don kada in ƙara ko in rage.

Mun tashi da sassafe. Abbas yana tuƙi, Rauda a gaba, ni a baya na rungume allo cikin ɓawon albasa, idona yana ta ruwa. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kamar allin na zubowa. A shingen hanya wani jami'i ya ƙwanƙwasa falankin ya ce mene ne. Abbas ya ce allo na. Ya ce wane irin allo ne ake yi wa rakiya mutum uku? Abbas ya ce, "Yallaɓai, ni ma direba nike, tambayi masu boko."

Allon ya ƙi shiga ƙofar falo. Sai aka fito da Samadu zaure, Abbas da wani maƙwabci suka ɗauko shi a kujera. Muka jingina allon a bango, na ɓamɓare falankin. Rubutun ya iso lafiya, ƙura kaɗan ce ta zauna a kai.

Da ya gan shi sai ya yi wani sauti da ban taɓa ji ba. Idon nan da ya yi ta yawo a kan takarda ya sauka a layin farko ya tsaya. Ya bi shi har ƙarshe. Ya sauko na biyu. Leɓensa na hagu yana motsi. Hajiya ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Ya iso na uku ya wuce. Ya kai na biyar, ya tsaya, ya koma sama. Ya daɗe a wurin.

Na matso da kujerar, na ɗauki tsumma na sa masa a hannun hagu. Ya sake shi ya faɗi ƙasa. Na ɗauka na sake ba shi, ya sake jefarwa, da ƙarfi wannan karon. Rauda ta ce, "Malam, a bari, ya gaji." Ni ma na ɗauka haka ne. Na ɗauka na zo na wulaƙanta mutum a zauren gidansa, a gaban matarsa da ɗalibarsa, kuma duk abin da za a faɗa a kaina na cancanta.

Sai na ga ba allon yake kallo ba. Aljihun rigata yake kallo. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna shi, ya nuna allo, ya haɗe gira yadda yake yi wa ɗalibin da ya tsallake mataki.

Ba a gogewa sai an zagaye. Ni na zo in karya doka, shi ya ƙi.

Na fito da jan allin. Na zagaye baka biyun, na koma gefe na yi shiru, yadda aka saba.

Bai yi sauri ba. Ya kalli da'irar, ya kalle ni, ya yi tsaki da rabin baki. Na rantse gardama yake yi, irin wadda ya saba, duk tana cikin ido. Ya sake bin layin daga farko. Sannan ya miƙa hannu, bai kai ba, Abbas ya tura kujerar. Da tafin hannu ya goge, ba da tsumma ba. Baka ta farko, sannan ta biyu. Ya ci gaba ya share duk abin da ke ƙasa, layi bayan layi, aikin shekara biyu, har zanen nan da ya gangara bakin katako. Shi ma ya tafi.

Ya juya wurin Rauda ya miƙa mata tafin, fari fat da alli. Ta durƙusa tana kuka tana cewa, "Na ji, Malam. Na ji."

Hajiya ta ce, "To, ni ban san mi kunka yi ba, amma tun da yak kwanta ban ga wagga huskar ba. Ku zo ku ci kihi."

Ina tattara falanki sai na ji ya ja mini riga. Jan allin yake so. Na ba shi, ina zaton zai riƙe ne don tunawa. Ya sa aka tura shi ɓangaren hagu. Nawa. Akwai wani lissafi da na yi tun watan biyu, wanda nake ji da shi, ban bari an taɓa ba. Ya bi shi da ido, ya ɗaga hannu, ya zana wata karkatacciyar da'ira a tsakiyar layi na ƙarshe. Wani sauti yana fita ta hancinsa. Sai da muka hau hanya na gane waƙar nan ce.

Hajiya ta ce allo ba ya komawa yau, ya ƙi sakin gefensa. Na ɗauki hoton ɓangarena a waya.

Litinin, 13 ga Mayu, da hantsi

Bangon ofis da tabon allo, murabba'i mai haske da ramukan kusa.

Rauda ce ta gaya wa Dikko, ba ni ba. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "To, tunda mai shi yag goge." Ya kira Farfesan waje a gabanmu, aka ɗage zuwa bayan damina. Za ta koma aji a watan gobe, ta rubuta sabon babin tsakanin darasi da ɗawainiyar gida. Na ce mata zai yi wuya. Ta ce ta sani, ta tambaye ni ko zobe ɗari sun isa ko ta ƙara.

A kanti na ji an yi shiru da na shiga. An fara ke nan. Maganar kwantiragi tana nan watan shida, Dikko ya ce zai yi iya yinsa, kuma na yarda zai yi.

Talata, 14 ga Mayu, da azahar

Da'irar nan hannunsa ne ya zame. Mutumin da bai saba rubutu da hagu ba. Na duba hoton, ban ga komai ba.

Laraba, 15 ga Mayu, da safe

Ban ga komai ba.

Alhamis, 16 ga Mayu, da la'asar

Yau ce ranar da za a kare kundin. Na wuni a gida da hoton.

Alamar ɗebewa. Na yar da ita tsakanin layi na huɗu da na ƙarshe, tun watan biyu, kuma kullum ina wucewa ta gabanta ina jin daɗin kaina. Daidai tsakiyar da'irarsa. Bakabe. Ɗan banzan Bakabe.

Na kira Hajiya Laure. Ta ce jikokinta sun so su yi zane a allon, ya kusa faɗowa daga kujera wajen korarsu. Ta ce tun Lahadi yake nuna mata jan zanen yana nuna ƙofa.

Paulina ta kira ina cikin dariya ni kaɗai, ta ce lafiya? Na ba ta labari. Sai ta tambayi abin da ta daina tambaya.

Na ce zan zo, wannan karon da gaske, amma sai bayan Asabar. Akwai abin da zan goge a Argungu, kuma babu mai goge mini.